CIWON DA MAGIDANTA KE ƁOYEWA: Abin Da Masana Suka Gano A Halittar Ɗa Namiji

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya taɓa kwana a Masaka ya san garin ba ya jiran fitowar rana. Tun kafin a kira assalatu za ka ji motoci sun fara ɗumama inji a bakin babban titin da ya taso daga Keffi ya nufi Abuja, ma'aikata da magina da 'yan tireda kowa na gaggawa ya wuce cunkoson Mararaba da Nyanya kafin hanya ta toshe. A takarda dai Masaka tana cikin Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, amma abincin da yawa daga cikin mazaunanta a Abuja yake. Tun da aka ɗauke hedkwatar ƙasa daga Ikko ranar 12 ga Disamba, 1991, tsadar haya ta yi ta kora masu ƙaramin ƙarfi zuwa waɗannan garuruwa na bakin iyaka, har suka cika suka batse.

To, samarin da suka zo neman abin kansu a wancan lokaci yau sun yi furfura. Wanda ya zo yana ɗan shekara ashirin da biyar ya doshi sittin, wani ma ya haura. Wannan kuwa shi ne lokacin da wani ciwo yakan fara sallama a gidan ɗa namiji, ciwon da magidanci yakan ɓoye wa matarsa da 'ya'yansa, balle abokin zama a majalisa. Sai mutum ya tashi fitsari sau huɗu ko biyar a dare guda. In ya tsuguna sai ya yi ta jira, in ya fito sai ya zo a tsinke, in ya miƙe kuma sai ya ji kamar bai gama ba. A cikin mota yakan roƙi direba ya tsaya masa a tsakiyar cunkoso. A masallaci yakan yi ta kokwanton alwalarsa saboda ɗigo. Maimakon ya nufi asibiti, sai ya tsaya wurin masu tallar magani da lasifika a bakin tasha, a ce masa sanyi ne ko basir, a ɗura masa jiƙo a gora.

Mafarin wannan wahala wata 'yar gaɓa ce da likitoci ke kira furostet. A wannan mako za mu duba ta, mu kuma duba wata ƙwayar gado da ke aiki a cikinta, wadda masana suka sa wa suna TGM4.

Mece Ce Furostet?

Furostet wani ɗan ƙullutu ne da Allah Ya halitta wa maza kaɗai. Girmanta a jikin saurayi bai wuce na goro guda ba, nauyinta kuwa kamar giram 20. Tana zaune ne daidai ƙarƙashin mafitsara, ta kewaye bututun da fitsari ke bi ya fita, kamar yadda zobe ke kewaye yatsa. Aikinta shi ne samar da wani kaso na ruwan maniyyi, wanda ke taimakon ƙwayoyin haihuwa a tafiyarsu.

A nan akwai wani kuskure da ya kamata a gyara. Sau da yawa a rediyo da jaridu akan ce "sankarar mafitsara" alhali kuwa sankarar furostet ake nufi. Mafitsara dabam, furostet dabam, maƙwabta ne kawai. Maƙwabtakar ce ta sa in furostet ta kumbura sai ta shaƙe hanyar fitsari, mutum ya ɗora wa mafitsara laifin da ba nata ba.

Allura Da Almakashi

Jikin ɗan Adam an gina shi da ƙananan tantani waɗanda ido ba ya gani. A cikin kusan kowane tantani akwai wani dogon rubutu da ake kira DNA, mai haruffa wajen biliyan 6, an naɗe shi cikin ƙunshi 46, watau 23 daga uwa, 23 daga uba. Kowane ƙunshi ana ce masa kuromozom. Cikin rubutun nan akwai babi-babi, kowane babi yana ɗauke da umurnin yadda za a haɗa wani furotin. Waɗannan babi su ne ƙwayoyin gado, yawansu kuwa ya kai kimanin 20,000. An kammala babban aikin karanta wannan rubutu a shekarar 2003.

Ƙwayar gadon TGM4 tana kan kuromozom na 3. Kowane mutum, mace ko namiji, yana ɗauke da ita, amma kusan a furostet kaɗai take buɗe baki ta yi aiki, kuma sinadarin mazakuta, watau testostiron da danginsa, yana da hannu wajen tashe ta. Masana sun fara zaƙulo ta daga furostet ɗin ɗan Adam a shekarar 1994. Abin da take umurni a haɗa wani enzayim ne mai suna tiransgulutaminas na huɗu.

Shi enzayim kamar dillali yake a kasuwa. Yakan haɗa ciniki tsakanin mutum biyu, a ƙulla a rabu, shi kuwa yana nan yadda yake, ya juya ya haɗa wani. Shi wannan dillali sana'arsa ɗinki ce. Yakan kama furotin guda ta wani gefe nasa da ake kira gulutamin, ya kama wani ta gefen da ake kira laisin, ya ɗinke su da ƙulli mai ƙarfi wanda ba ya kwancewa da sauƙi. Ba ya kuma iya wannan aiki sai da sinadarin kalsiyam.

An fara gano irin wannan enzayim a shekarar 1957 a ɗakin binciken Heinrich Waelsch da ke birnin New York na Amurka, a cikin hantar ɓeran Masar. Daga baya aka tarar zuriya ce guda, mai 'ya'ya tara a jikin mutum, takwas daga cikinsu masu ɗinki. Mai karatu ya san aikin wasu daga cikinsu ko da bai san sunansu ba. In aska ta yanke ka jini ya daskare ya tsaya, ɗaya daga cikinsu ne ya ɗinke zaren jinin ya ƙarfafa shi. Wani kuma shi ke ɗinke saman fata ta yi ƙarfi, in ƙwayar gadonsa ta samu tangarɗa sai a haifi yaro fatarsa na saɓa kamar ɓawon kifi. Har masu sarrafa abinci sun samo irinsa daga ƙwayoyin bakteriya suna manne gutsattsarin nama da shi ya zama tsoka guda.

Abin sha'awa shi ne, a cikin furostet ɗin nan akwai wani enzayim mai aikin da ya saɓa wa wannan. Sunansa PSA, ƙwayar gadonsa kuwa tana kan kuromozom na 19. Da zarar maniyyi ya fita yakan yi kauri ya dunƙule, sa'an nan cikin minti 15 zuwa 30 ya tsinke ya koma ruwa domin ƙwayoyin haihuwa su sami sakewa. PSA shi ne mai yanka furotin ɗin da suka dunƙule. Ke nan a shago guda Allah Ya ajiye allura da almakashi, kowane da lokacin aikinsa.

Abin Da Ɓeraye Suka Koya Wa Masana

Aikin TGM4 ya fi fitowa fili a jikin ɓera. Bayan barbara, ruwan namiji yakan daskare ya zama wani toshi mai tauri a jikin tamata, wannan enzayim kuwa shi ke ɗinka shi. A shekarar 2013 wani masani, Matthew Dean na Jami'ar Kudancin Kalifoniya, ya buga sakamakon binciken da ya yi kan ɓerayen da aka kashe wa wannan ƙwayar gado da gangan. Ƙwayoyin haihuwarsu lafiya lau, yawansu da motsinsu ba su ragu ba, amma toshin bai samu ba, haihuwarsu kuma ta ragu ƙwarai. Darasin da ke ciki shi ne, lafiyar ƙwayar haihuwa kaɗai ba ta isa, ruwan da ke ɗauke da ita ma yana da nasa rabon.

A shekarar 2015 kuma wasu masana na ƙasar Suwidin, cikinsu har da Nils Landegren da Olle Kämpe, suka binciki masu wata cuta ta gado da ba a cika samu ba, wadda ke sa garkuwar jiki ta juya ta riƙa yaƙar jikin mai ita. Suka gwada jinin majinyatan a kan furotin fiye da 9,000, sai suka tarar garkuwar mazan cikinsu tana kai wa TGM4 hari. Ba a ga haka a jikin mata ba, a jikin mazan ma sai bayan sun balaga, watau sa'ad da furostet ta fara fitar da shi. A jikin ɓerayen da ke da irin wannan lahani kuwa an ga furostet ta kumbura ta lalace, haihuwa ta ragu. Wannan ya nuna cewa ciwon furostet na iya zama ɗaya daga cikin dalilan rashin haihuwa ta wajen namiji, abin da ya kamata ya sa mu yi hattara da ɗabi'ar ɗora wa mace laifi duk sa'ad da aure ya daɗe ba rabo.

Daɗin daɗawa, tun da kusan a furostet kaɗai ake samunsa, wasu masana a Amurka sun ba da rahoto a shekarar 2021 cewa ana iya koya wa garkuwar jiki ta gane shi, da fatan wata rana a yi amfani da shi a matsayin alamar da za ta nuna wa garkuwa inda sankara ta ɓuya. Sai dai a lura, wannan magana tana ɗakin bincike tukuna. Gwajin TGM4 ba ya cikin gwaje-gwajen da likita ke yi wa mai ciwon furostet. Duk wanda ya ce maka yana da maganin da ke gyara ƙwayar gado, ka riƙe aljihunka.

Ciwo Iri Uku

Ciwon furostet iri uku ne, kuma wajibi ne a rarrabe su.

Na farko shi ne kumburin tsufa. Wannan ba sankara ba ne, ba ya kuma rikiɗa ya zama sankara. Kimanin rabin mazan da ke tsakanin shekara 51 da 60 suna da shi, a cikin waɗanda suka haura 80 kuwa yakan kai tara cikin goma. Ba ya barin sarki ba ya barin talaka, don ko Sarki Charles na Ingila an yi masa aikinsa a watan Janairu na 2024, fadarsa kuma ta sanar wa duniya. Akwai ƙwayoyin da ke sassauta hanyar fitsari, akwai masu rage girman furostet ɗin a hankali, in abin ya faskara a kankare ta ta cikin bututun fitsari ba tare da an tsaga ciki ba. In aka yi sakaci kuwa, wata rana fitsari yakan riƙe gaba ɗaya, mara ta kumbura, a kwashi mutum cikin dare a sa masa roba. In ya daɗe yana taruwa yana komawa baya, ƙoda ce ke biyan bashin.

Na biyu shi ne kumburin da ƙwayoyin cuta ko wani dalili ke haddasawa, wanda kan zo da zafin fitsari, da ciwon mara, wani lokaci da zazzaɓi. Wannan yakan kama har matasa.

Na uku, wanda ya fi haɗari, shi ne sankara. Muguntarta ita ce a farkonta ba ta cika nuna alama ba, domin takan tsiro ne a gefen furostet, nesa da hanyar fitsari. Sau da yawa sai ta bazu zuwa ƙashi sa'an nan mutum zai fara jin ciwon baya da na ƙugu, ya rame, wani ma ƙafafunsa su mutu in ta danne lakar gadon baya.

Bisa ƙididdigar hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2020 maza kimanin miliyan 1.4 suka kamu da ita a duniya, kimanin 375,000 suka rasu. A Nijeriya an ƙiyasta sababbin kamu fiye da 15,000 a wannan shekara, kuma ita ce sankarar da ta fi kowace kama maza a ƙasar nan. Wani kwamitin masana da mujallar likitoci ta Lancet ta kafa ya yi hasashe a 2024 cewa adadin na duniya zai kai miliyan 2.9 a shekara kafin 2040.

Gado Da Baƙar Fata

A dā an ɗauka wannan cuta ba ta damu mutanen Afirka ba. A shekarar 1997 Farfesa Dominic Osegbe na Ikko ya buga binciken da ya nuna cewa ba haka abin yake ba, cutar tana nan da yawa, marasa lafiya ne ke zuwa asibiti a makare. Yau an tabbatar baƙar fata sun fi kowa haɗarin kamuwa. A Ingila an ƙiyasta cewa baƙar fata ɗaya cikin huɗu zai kamu da ita a rayuwarsa, alhali a cikin maza baki ɗaya ɗaya ne cikin takwas. A Amurka kuwa baƙar fata ya ninka farar fata kusan sau biyu wajen mutuwa da ita. Wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi ta, haɗarinsa ya ninka na sauran jama'a.

Wani ɓangare na dalilin yana cikin rubutun gado. A shekarar 2006 aka gano wani wuri a kan kuromozom na 8 wanda bambancin haruffansa ke ƙara haɗarin cutar, musamman ga masu tushen Afirka. Amma mafi yawan binciken gado da aka yi a duniya a kan Turawa aka yi shi, ka ga kuwa rigar da aka auna a jikin wani ba lalle ta zauna wa wani ba. Don cike wannan giɓi ne wata ƙungiyar masana mai suna MADCaP ta tattara jinin maza fiye da 7,000 daga Senegal da Gana da Nijeriya da Afirka ta Kudu da Yuganda, cikinsu har da na asibitocin Ibadan da Abuja, ta buga sakamakonta a 2024. Binciken ya tabbatar da muhimmancin wurin nan na kuromozom na 8, ya kuma nuna wasu bambance-bambance da ba a samun su sai a Afirka.

Ina Mafita Ga Mutumin Masaka?

Almakashin nan da muka ambata shi ne ya zama ɗan rahoto. A shekarar 1979 masana a cibiyar Roswell Park da ke Buffalo ta Amurka suka tace PSA, daga baya aka gane cewa in furostet ta samu matsala yakan tsiyaya cikin jini da yawa. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da gwajinsa a 1986 don bin diddigin masu jinya, a 1994 kuma don neman cutar. Jini kaɗan ake ɗiba a hannu. Likitoci da yawa sukan ƙara bincike in awon ya haura 4, amma hawansa ba hukunci ba ne, domin kumburin tsufa, da ƙwayoyin cuta, da sa robar fitsari duk suna iya ɗaga shi. Wasu ƙwayoyin rage girman furostet kuma sukan sauke shi da kusan rabi, don haka mai shan su ya gaya wa likita. Bayan gwajin jini likita yakan taɓa furostet da yatsa ta dubura, abin da ba ya cin minti guda. Tabbaci kuwa sai an tsinko ɗan nama an duba.

Shawarar ƙungiyoyin yaƙi da sankara na Ingila da Amurka ita ce baƙar fata ya fara tattauna wannan gwaji da likita tun yana shekara 45, wanda cutar ta yi yawa a gidansu kuwa tun yana 40. In an kama ta tana cikin furostet, ana iya cire ta da tiyata ko a gasa ta da haske, mafi yawa kuma sukan rayu shekaru masu yawa. Wata ma tafiyar hawainiya take yi, likita ya ce a sa mata ido kawai. In ta riga ta bazu, akan rage mata ƙarfi ta hanyar yanke mata sinadarin mazakuta da allura ko da tiyata, dabarar da Charles Huggins ya gano a 1941, wadda ta sa aka ba shi kyautar Nobel a 1966. Wannan yana sassauta ciwo ya ƙara kwana da yardar Allah, amma ba ya tumɓuke cutar.

Mutumin Masaka bai yi nisa da taimako ba. Ta gabas akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi, ta yamma akwai Babban Asibitin Ƙasa na Abuja wanda aka buɗe a 1999, ga kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada. Abin da ke tsakaninsa da su abu biyu ne, kunya da kuɗi.

Game da kuɗi, nauyi yana wuyan hukuma. An sa hannu kan sabuwar dokar inshorar lafiya a 2022, an kuma kafa cibiyar binciken sankara ta ƙasa a Abuja, amma birkila da ɗan acaɓa da mai shayi, waɗanda ba su da albashi, su ne suka fi bukatar a kai musu wannan tsari har ƙofa. Kamata ya yi gwamnatin Nasarawa da hukumar Babban Birnin Tarayya su haɗa kai, tun da jama'ar ɗaya ce, su sa gwajin PSA a ƙananan asibitoci a kan farashi mai sauƙi, su kuma sa ido kan masu tallar maganin da ke cewa yana warkar da cuta arba'in.

Game da kunya kuwa, wannan tamu ce. Nelson Mandela ya yi jinyar wannan sankara a 2001, duniya ta sani, ya kuma rayu har 2013. Desmond Tutu an gano tasa a 1997, ya rayu har 2021. A nan gida Farfesa Wole Soyinka ya fito a 2014 ya faɗa da bakinsa cewa ya yi ta ya warke. Babu wanda girmansa ya ragu. Malamanmu sun san hukuncin mai yoyon fitsari da rangwamen da shari'a ta yi masa, to in mai tambaya ya zo, bayan an ba shi fatawa a ƙara masa da cewa ya je asibiti. Uwargida da ta ga maigida yana yawan tashi da dare ta yi masa magana cikin ladabi. Ɗan da ya ga mahaifinsa yana daɗewa a bayan gida ya ce, "Baba, mu je a duba," ya kuma biya kuɗin mota.

Masu iya magana sun ce wanda ya ɓoye ciwonsa, ciwo zai ɓoye shi. Masana na can suna ta tonon asirin TGM4, watakila jikokinmu su ci amfaninsa. Amma gwajin da ke iya ceton magidanci a yau yana nan a hannu, bai kuma fi ɗiban jini cikin sirinji ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, mu kuma Ya ƙara mana lafiya, amin.